Kwana Goma Sha Tara a Ƙafa

Na bar motar gwamnati inda hanya ta ƙare,
a gindin dutsen da ke leƙen kogin Karnali.
Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, gaba babu hanya."
Akwai, ta ƙafa ce,
ita masu ƙuri'ata ke bi tun ba a haife ni ba.

Jakata cike da takardun alkawari,
bakina cike da jawabin da na haddace.
Kwana biyu kacal takalmi ya cinye dunduniyata,
jawabin kuwa a hawan farko ya zube
tare da numfashina.

A wani ƙauye mai gida tara
Junkiri Rokaya ta hango ni ina ɗingishi.
Ba ta tambayi sunana ba, ta san shi:
da hotona na yaƙin zaɓe ta toshe tagarta
don kada iska ta shigo.
"Ban zaɓe ka ba," in ji ta,
tana murza wa ƙafata man shanu mai ɗumi.
"Badi ma ba zan zaɓe ka ba. Miƙo ɗayar."

Gorakh Budha na kora tumakinsa,
kowace da 'yar jakar gishiri a gadon baya.
A tsakiyar gadar igiya gwiwata ta ƙi ni,
ruwa na ruri can ƙasa, katako na rawa.
Ya dawo, ya saɓa jakata, bai yi dariya ba.
"Kada ka dubi kogi. Dubi ƙeyata."
Shekara huɗu ina cewa ni ke gaba.
Ran nan ƙeyar makiyayi na bi har na tsira.

Malama Satyadevi, ita kaɗai da yara sittin,
ba ta roƙi rufin kwano ba, ko da yake sama na leƙo su.
Alli ta danƙa mini:
"Riƙe su awa ɗaya, in je in duba mahaifiyata."
Na koyar da lissafi.
Wani yaro mai yoyon hanci ya gyara mini kuskure.

Akwai wani falalen dutse sama da gonakin tuffa,
nan kaɗai waya ke kamawa.
Tsoho Dhanlal ya ja hannun rigata:
"Kai dogo ne, ɗaga mini."
Na tsaya hannu a sama kamar mai rantsuwar kama aiki,
muryar ɗansa na gangarowa daga Katar a gutsuttsure,
tsohon na ce mata lafiya lau, lafiya lau,
alhali tuffa na ruɓewa a bayansa
don babu motar da za ta zo ɗauka.

Daren sha huɗu na faɗa gidan makoki ban sani ba.
A bakin ƙofa ga kwandon goyo a jingine,
wanda maigidan ya ɗauki matarsa a ciki, tana naƙuda,
yini biyu zuwa asibiti.
Yini ɗaya ta kai.
Na nemi abin faɗa, na rasa.
Shi ya miƙo mini shayi mai gishiri,
ya matsa, ya ba ni wajen da ya fi kusa da murhu.
Itacen ya jiƙe da ƙanƙara.
Na buɗe jaka, na ciro alkawuran,
da su wutar ta kama.

Yanzu ina zaune a majalisa, kujera mai laushi.
In an karanto adadin mutanen mazaɓata
sai dunduniyar hagu ta motsa,
wadda Junkiri ta fara shafawa.
Tana nan, tagarta na toshe da fuskata.
In sanyin bana ya yaga ta,
zan kai mata wata da ƙafata.